Shin sikanin yana nuna kumburi a gaɓɓan yatsu? Amsa kan amosanin hannu

"Salam likita, dan Allah ina da tambaya. Mamana shekarunta 59, ta kai shekara uku tana fama da ciwon yatsun hannu, gaɓɓan da ke kusa da farce sun yi ƙulu-ƙulu, wani lokaci su yi ta zogi har ta kasa ɗinkin hular da ta saba, buɗe murfin kwalba ma aiki ne. An yi mata hoton ƙashi aka ce amosanin gaɓɓai ne na girma, gwajin jini kuma aka ce ba komai. Yanzu wani likita yace a je a yi sikanin ɗin yatsun a ga ko akwai kumburi a ciki. Ni dai sikanin na masu ciki na sani. Da gaske yana nuna kumburin gaɓa? In ya nuna me zai canza? Ko ɓarnar kuɗi ce kawai?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, a gaida Mama da jiki, Allah ya bata lafiya. In na fahimce ki tambayar taki gida biyu ce, ko na'urar tana iya ganin kumburi a 'yar ƙaramar gaɓa irin ta yatsa, sannan in ta gani ko hakan zai sauya maganin da za a ba Mama. Ta farkon amsarta e, tana gani, har ma tana ganin wanda hannun likita bai ji ba kuma hoton ƙashi bai nuna ba. Ta biyun ce ke buƙatar dogon bayani, dan a gaskiya mafi yawan masu irin ciwon Mama ko an yi sikanin ko ba a yi ba maganinsu ɗaya ne, sai dai akwai 'yan wurare da yake da amfani sosai, kuma su zan nuna miki.

Ciwon kansa tukuna

Abin da kika kwatanta shi likitoci ke kira ostiyo-atraitis na hannu, wato amosanin da ke zuwa da zaizayar guringuntsi. Kowace gaɓa akwai guringuntsi mai santsi a kan ƙasusuwan biyu, akwai wani siririn tantani da ya lulluɓe gaɓar daga ciki yana samar da ɗan ruwan da ke sa ta motsi ba gogayya. In guringuntsin ya fara cinyewa sai ƙashi ya riƙa fitar da tsiro a gefe-gefe, wannan tsiron shine ƙulu-ƙulun da kike gani. Na kusa da farce sunan wani likitan Ingila suka ci, William Heberden, wanda bayaninsa a kansu ya fito a 1802, na gaɓar tsakiya kuma ana jingina su ga Bouchard na Faransa. Wuri na uku da ciwon ke so shine gindin babban yatsa, can kusa da wuyan hannu, kuma shi ne yawanci ke hana buɗe kwalba, matse wanki da murɗa makulli. Mata sun fi maza samu, musamman bayan al'ada ta ɗauke, kuma yana bin jini, in kika duba hannun kakarki ko 'yan'uwan Mama zai yi wuya ki rasa mai irin yatsun.

Da can abin da ake koyarwa shine wannan ciwon zaizaya ce kawai ta shekaru, kumburi kuwa na rumatoyid ne, wato amosanin da garkuwar jiki ke afka wa gaɓɓai. Yanzu an bar wannan maganar. Tantanin nan na cikin gaɓa yana kumbura a amosanin hannu ma, ba kullum ba, yana tashi ya lafa, shi ya sa Mama zata yi wata biyu lafiya lau sai kuma yatsa ɗaya ko biyu su tashi da zogi da ɗumi na 'yan makonni. Kuma da yake kumburin ɗan ƙarami ne a wuri guda, gwajin jini na kumburi irin su ESR da CRP yawanci lafiya suke fitowa, dan haka "jini ba komai" da aka ce muku bai kore shi ba. Akwai kuma wani nau'i mai tsanani da ake cewa mai cin ƙashi, wanda tsakiyar gaɓar ke ɓurmawa, shi ya fi zafi, ya fi kumburi, ya fi karkatar da yatsu.

Abin da na'urar ke gani

Sikanin sauti ne da kunne baya ji, a tura shi cikin jiki ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Babu hasken da ke cikin hoton ƙashi, ba allura, ba zafi, ana iya maimaitawa ko sau nawa. Amma ki lura da wannan dan shine inda kuɗin mutane ke salwanta: kan na'urar da ake duba masu ciki da shi mai lanƙwasa ne, yana aiki a wajen megahaz 3 zuwa 5 (megahaz ma'aunin saurin kaɗawar sautin ne), an yi shi ne dan ya hango abu mai zurfi. Gaɓar yatsa kuwa milimita kaɗan ce a ƙarƙashin fata, tana buƙatar kai miƙaƙƙe mai megahaz 12 zuwa 18 ko sama da haka, akwai ma wani ɗan ƙarami da aka yi musamman dan yatsu. Yawancin wuraren sikanin da ke unguwanni nan Arewa aikin ciki da mara suke yi, in aka ɗora wancan kan a yatsa ba abin da za a gani sai hazo, amma duk da haka a rubuto miki takarda.

In an samu na'urar da ta dace, abu huɗu muke nema. Tsiron ƙashi yana fitowa fari tas a gefen gaɓa, kuma sikanin ya fi hoton ƙashi tsinto ƙananansu, masu bincike a Lids ta Ingila sun nuna haka tun wajen 2008. Sai ruwa, shi baƙi ƙirin yake fitowa, in ka danna ya gudu gefe. Sai kaurin tantani, shi toka-toka ne mai duhu kuma in ka danna baya gudu, da haka muke raba shi da ruwa. Na huɗun shine wanda ake cewa fawa Dofla, wani saiti ne da ke nuna gudun jini a ƙananan hanyoyin jini da launi. Tantanin da ke zaune lafiya baya nuna launi, in ya nuna ja a ciki alama ce kumburin na ci yanzu-yanzu, ba tsohon tabo bane. Kowanne ana bashi maki daga 0 zuwa 3, kuma ma'anar ruwan da kaurin tantanin ba kowa da tasa ba, wata ƙungiyar masana ta duniya mai suna OMERACT ta fitar da matsaya a kai a 2005. Hannu biyu gaɓɓai 30 ake bi in za a yi cikakke, yakan ci kusan rabin awa, dan haka in an gama muku a minti uku ki san akwai magana.

Dofla ɗin nan kuwa shagwaɓaɓɓe ne. In mai dubawa ya danna kan na'urar da ƙarfi, hanyoyin jinin sai su toshe launin ya ɓace, kamar dai ka taka tiyo kace famfo ba ruwa. Shi ya sa muke zuba jel da yawa, kan na'urar ya kusa yin iyo a kai ba tare da ya matsa fata ba. Hannu mai sanyi ma yana ɓoye shi, lokacin hunturu ko a ɗaki mai iyakwandishan ni sai na sa mara lafiya ta ɗumama hannunta tukuna. Maganin da aka sha kafin zuwa shima yana rage abin da za a gani, musamman firednisolon da deksametason, magungunan sitiroyid masu danne kumburi. Sannan tsiron ƙashin kansa yana yin inuwa, sauti baya ratsa ƙashi, duk abin da ke bayansa a ɓoye yake, wannan ya sa ɓurmawar tsakiyar gaɓa wani lokaci hoton ƙashi ko MRI, wato hoton da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, sun fi nuna ta. A ɗaya ɓangaren kuma ɗan ruwa kaɗan ana samunsa a yatsun mutane masu lafiya ƙalau, wanda bai saba ba sai ya rubuta shi a matsayin ciwo. Duk wannan ya sa nake cewa mutumin da ke riƙe da na'urar ya fi na'urar muhimmanci.

To in an ga kumburin fa?

Nan gizo ke saƙar. Abu biyu dai sun tabbata. A Laiden ta ƙasar Holan an duba masu amosanin hannu da sikanin, sakamakon ya fito a 2010, kusan dukkansu an samu alamar kumburi a wata gaɓa, kuma gaɓar da ke da kumburi ta fi zama mai ciwo in an taɓa. Da aka bi su shekara biyu da 'yan watanni, gaɓɓan da suka nuna kumburi, musamman wanda ya ƙi tafiya, su suka fi lalacewa a hoton ƙashi. A Oslo ta Norwe an bi wasu har shekara biyar aka samu irin wannan. Kenan kumburin ba ado bane, yana da alaƙa da zafi kuma yana nuna gaɓar da ke cikin haɗari.

Hankali zai ce to shikenan, a nemo masu kumburi da sikanin a basu maganin rumatoyid. An gwada. A Birtaniya an yi wani babban gwaji mai suna HERO da mutum 248, aka ba rabi haidroksiklorokwin rabi kuma ƙwayar da ba magani a ciki, sakamakon ya fito a 2018, babu bambanci. Abin da ya fi shafar tambayarki shine an yi wa da yawa daga cikinsu sikanin tun farko, kuma waɗanda aka ga kumburi a yatsunsu basu fi sauran amfana ba. Alluran nan masu tsada na rumatoyid irin su etanasef da adalimumab suma an gwada su basu rage zafin yadda aka sa rai ba. Kolcisin, maganin gawut, wato amosanin da taruwar wani gishiri a gaɓa ke jawowa, shima haka.

Wanda ya yi aiki shine gwajin HOPE na Holan da ya fito a 2019. Mutum 92, kuma ba kowa aka ɗauka ba, sai wanda ciwonsa ya tashi, yatsa ya nuna kumburi a ido, sannan sikanin ya tabbatar. Aka ba rabi firednisolon miligiram 10 kullum na sati 6. Zafi ya ragu sosai, bambancin ya kai wajen maki 16 a ma'aunin 100, hannu ya ƙara aiki, kaurin tantanin ya ragu a sikanin. Amma da aka janye maganin ciwon ya dawo inda yake. Sai kuma na Ostireliya a 2023, mutum 97, metotireksit, shima maganin rumatoyid ne, miligiram 20 sau ɗaya a sati na wata 6, an samu raguwar zafi matsakaiciya, sai dai su da MRI suka tantance kumburin, ba sikanin ba. Ni a karatuna abin da waɗannan ke cewa shine sikanin na taimakawa wajen ware ƙaramin rukuni da za su ɗan samu sauƙi na ɗan lokaci, bai kai matsayin abin da za a ce kowa ya yi kafin a bashi magani ba. Ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai, EULAR, ma a shawarwarinta na 2017 cewa ta yi in alamomin ciwon a fili suke ba sai an yi hoto ba kafin a san shine, in kuma za a yi to hoton ƙashi ne na farko.

Inda ni nake neman sa

Mace mai shekara 59, ƙulu-ƙulu masu tauri a kusa da farce, sandarewar safe da bata wuce minti 20 ko 30, hoton ƙashi ya nuna, wannan bana buƙatar na'ura ta faɗa min sunan ciwon. Ina ɗauko ta ne in labarin ya ƙi zama daidai. Misali sandarewar safe ta wuce awa ɗaya, ko kumburin na gaɓɓan gindin yatsu da wuyan hannu, hagu da dama, mai laushi ba mai tauri ba, nan sai na fara tunanin rumatoyid, kuma ki sani akwai masu rumatoyid da gwajin jininsu baya nunawa. Wannan bambancin babba ne dan rumatoyid in an kama shi da wuri ana hana shi lalata hannu, in an yi sakaci ana ce masa sanyin tsufa sai a rasa shekarun da suka fi amfani. Akwai amosanin da ke tafiya da ciwon fata na soriyasis, shi ma gaɓar kusa da farce yake so, yana rikita mu sosai, a sikanin sai ka ga kumburin ba a cikin gaɓa kaɗai yake ba, har inda jijiya ta kama ƙashi da kewayen farcen. Akwai gawut, wanda mutane ke ɗauka na babban yatsan ƙafar maza ne kawai, alhali a tsofaffin mata masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari ko masu raunin ƙoda yana zuwa ya zauna a kan ƙulu-ƙulun yatsun nan, sikanin na nuna shi da wani farin layi a saman guringuntsi ko dunƙulen gishirinsa.

Wani lokacin kuma ciwon ba daga gaɓa yake ba sam. Zafin gindin babban yatsa na iya zama kumburin kuben jijiyoyin da ke wucewa ta gefen wuyan hannu, yatsa mai maƙalewa ya buɗe da ƙas jijiya ce ta yi ƙulli, dindiris da jin kamar kiyashi da dare kuma jijiyar ji ce aka matse a wuyan hannu. Duk ukun sikanin na nuna su cikin sauƙi kuma maganinsu daban. Na sha ganin wadda aka turo da sunan amosani, tana da shi ɗin kuwa, amma abin da ke hana ta barci ba shi bane. Wuri na ƙarshe shine in za a yi allura a cikin gaɓa, ramin ƙarami ne kuma tsiro ya kewaye shi, ganin bakin allurar a allo yana sa a tabbatar ta shiga inda ake so. Ita allurar ma ba a yin ta barkatai, shawarar EULAR ta 2018 ta ce ba a saba amfani da ita a amosanin hannu ba, sai dai a duba yiwuwarta a gaɓar yatsa mai zafi sosai.

Batun Mama

Ban ga hannunta ba, likitan da ya gani ya fi ni sanin dalilinsa, dan haka kar ki ɗauki maganata a matsayin soke tasa. Ki koma ki tambaye shi cikin ladabi, likita me kake zargi, kuma in an ga kumburi me za a yi, in ba a gani ba me za a yi? In yace yana shakkar rumatoyid ko gawut, ko yana tunanin allura, ko yana so ya bata gajeren magani ya ga ko ya dace, to kuɗin sun cancanta. In amsar duka biyun magani ɗaya ne, gara kuɗin su tafi wajen masu gashin ƙashi. In za a yi, ki tambaya tun kafin ki biya ko suna da kan na'ura na gaɓɓai da Dofla, kuma ko mai dubawar ya saba yin yatsu, asibitocin koyarwa da manyan cibiyoyin hoto sun fi yiwuwa. A je lokacin da ciwon ya tashi, ba ranar da ya lafa ba, a tafi da hoton ƙashin da duk kwalayen maganin da take sha har na gargajiya.

Abin da ya fi damuna da kalmar "an ga kumburi" a takarda shine inda take kai mutane. Daga nan sai kemis, a haɗo firednisolon ko deksametason da diklofenak, a ji daɗi kwana uku, a mayar da shi abincin kullum. Wallahi wannan haɗin na ganin bayan mutane, fuska ta kumbura, suga ya hau, hawan jini ya ƙi sauka, ƙashi ya yi rauni har ya karye da ɗan tuntuɓe, gyambon ciki ya fashe, ƙoda ta gaji. Waɗancan na Holan sati 6 aka basu a ƙarƙashin idon likita aka janye a hankali, ba shekara biyu ba. Metotireksit ma ba abin saye da kai bane, sau ɗaya ake sha a sati ba kullum ba, ana gwajin hanta da jini akai-akai, kuma a nan ƙasar tamu da ciwon hanta nau'in B ya yawaita dole a gwada shi kafin a fara.

Abubuwan da ke taimakawa ko da sikanin ko babu ba masu tsada bane. Man shafawa na diklofenak shi ake farawa da shi kafin na sha, dan kaɗan ne ke shiga jini kuma gaɓɓan yatsu na kusa da fata. Takalmin gindin babban yatsa, wato ɗan abin ɗaurin da ke riƙe shi, yana rage zafi in an daure an yi watanni ana sawa, ba sati ɗaya a jefar ba. Motsa yatsun kullum, dunƙulewa da buɗewa, taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, ya fi daɗi in an fara tsoma hannun a ruwan ɗumi, alwalar asuba ma lokacin sanyi a ɗumama mata ruwan. Ɗinkin kar ta bari gaba ɗaya, zama ba motsi na ƙara sandarar da yatsu, ta dai riƙa yi tana hutawa, ranar da yatsa ya tashi ta ɗaga masa ƙafa. A naɗa wa wuƙa da ludayi tsumma ko roba su yi kauri, matse wanki da ɗaukar bokiti da 'yan yatsu kuma a karɓe mata.

In kuwa gaɓa ɗaya ta kumbura lokaci guda ta yi ja da zafi sosai, ga zazzaɓi, musamman in tana da ciwon suga ko an yi mata allura a wurin kwanan nan, wannan ba na jiran layin sikanin bane, a tafi asibiti a ranar dan ƙwayar cuta a gaɓa na cinye ta cikin kwanaki. Haka ɗan ƙurjin ruwa da ke fitowa wani lokaci a bayan gaɓar kusa da farce, kar a bari wanzami ko wani a gida ya huda shi, yana haɗe da cikin gaɓar ne. Kuma in ya kasance Mama ta riga ta daɗe tana shan firednisolon ko deksametason daga kemis, kar ki tsayar mata rana ɗaya dan kin karanta wannan, yankewa kwatsam na iya kwantar da mutum, ki kai kwalin wajen likita ya tsara yadda za a rage shi kaɗan-kaɗan.